Yadda ake zaɓar kariyar keke ta bayan mota da yadda ake aiki da ita a titunan Kano

Mutumin da ke son ya fita da kekensa bayan gari, ko don motsa jiki a hanyar Tiga da Bagauda, ko don kai wa ɗansa keke makaranta, ko kuwa don ya tafi da shi ƙauye lokacin hutun salla, yakan fara cin karo da matsala guda, wato yadda keken zai bi motar ba tare da ɗayansu ya lalata ɗaya ba. Abin da aka saba gani a titunanmu shi ne a cusa keke a but, a bar tayar gaba tana leƙe, a ɗaure murfin da igiya ko tsohon tiyub. Wannan dabara takan kai mutum inda za shi, amma takan bar masa kwarzane a fenti da lanƙwasasshen rim, wani lokaci har da fasasshen gilashin fitila. Kariyar da ake ɗaurawa a kan ƙarfen jan tirela na bayan mota ta fi duk sauran hanyoyin sauƙi da aminci, domin ba sai an ɗaga keke sama da kai ba kamar yadda ake yi da kariyar rufi, kuma ba ta jingina da fenti ko gilashi kamar wadda ake ɗaure wa murfin but da maɗauri. Sai dai amincin nata duka yana rataye ne a kan ƙarfen da ke riƙe da ita, saboda haka wanda ya fara da sayen kariya kafin ya san abin da motarsa za ta iya ɗauka ya faro aikin daga ƙarshe.

Mataki na farko: leƙa ƙarƙashin motarka

Ka durƙusa a bayan motar ka duba ƙarƙashin bamba. Motocin da ke yawo a Kano galibi na hannu ne da aka shigo da su daga Amurka ko daga Turai, kuma kowane ɓangare yana da nasa tsarin. Motar Amurka, irin su Highlander da Sienna da Pilot, idan tana da ƙarfen ja, za ka ga bututu mai kusurwa huɗu da bakinsa a buɗe, da huda a gefe inda ake zura sakata. Bakin yana zuwa da girma biyu da suka fi yawa, inci 1¼ (kimanin milimita 32) da inci 2 (kimanin milimita 51), kuma ya kamata ka auna shi daga ciki da tef, kada ka dogara da ƙiyasin ido. Motar Turai kuwa, irin su Golf da Sharan da Peugeot 406, takan zo da wuyan ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke ƙarewa da dunƙulen ƙwallo mai faɗin milimita 50. Kariyar tsarin Amurka zura ta ake yi cikin bututun, ta tsarin Turai kuwa damƙe ƙwallon take yi, kuma ɗaya ba ta hawa mazaunin ɗaya.

Zoben ƙarfen nan da ake ɗaura igiya a jikinsa idan mota ta mutu a hanya ba ƙarfen ja ba ne. An yi shi ne don a ja motar gaba ko baya na ɗan lokaci, ba don ya ɗauki nauyin da ke danna shi ƙasa ba.

Ka kuma lura da bayan motar kanta. Tsofaffin RAV4 da CR-V da wasu Prado suna ɗauke da tayar safaya a jikin ƙofar baya, kuma ƙofar gefe take buɗewa, don haka suna buƙatar kariya mai dogon hannu wadda za ta wuce tayar, kuma kariyar da ke karkata ƙasa ba za ta ba ƙofar hanya sosai ba. Ka duba inda bakin salansa yake fuskanta, domin za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: lissafin nauyi

A nan ne ya kamata mutum ya natsu, domin kusan duk wata ɓarna da kariyar keke ke jawowa daga nan take samo asali. Ƙarfen ja yana da iyaka iri biyu. Akwai nauyin tirelar da zai iya ja a kan tayoyinta, wannan adadi ne babba kuma bai shafe ka ba. Akwai kuma nauyin da zai iya ɗauka kai tsaye a bakinsa, wanda ke danna shi ƙasa, kuma shi ne naka. A tsarin Amurka an raba ƙarafan aji-aji: aji na ɗaya, mai baki inci 1¼, yana ɗaukar fam 200, wato kimanin kilo 90, aji na biyu, shi ma inci 1¼, yana kaiwa fam 350, kimanin kilo 160, aji na uku, mai baki inci 2, yakan kai fam 500 ko fiye, kimanin kilo 225. A tsarin Turai ana rubuta adadin a kan ɗan farantin da ke jikin ƙarfen, kusa da harafin S, kuma a ƙananan motoci yakan kama daga kilo 50 zuwa 100, kilo 75 ya fi yawa.

Adadi uku za ka tara a gabanka: wanda ke jikin ƙarfen ja, wanda ke cikin littafin motar, da wanda kamfanin kariya ya rubuta, ga kowane keke da kuma jimilla. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakarka. Idan littafin bai zo da motar ba, kamar yadda yakan faru da motocin hannu, ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta. Akwai ƙananan motocin da littafinsu bai amince da ɗaura musu ƙarfen ja ba sam, kuma mai irin wannan mota ya fi masa alheri ya nemi wata hanyar.

Sannan ka auna kayanka. Keken tsere marar nauyi yakan kai kilo 8 zuwa 10, keken hawan dutse kilo 13 zuwa 15, tsohon keken ƙarfe irin Raleigh ko Phoenix mai madigadi da kariya yakan kusanci kilo 20, mai batir kuwa daga kilo 20 zuwa 30. Ita kanta kariyar da ake ɗaura wa motar tana cikin lissafi, kuma a nan mutane da yawa ke mantuwa, alhali mai ɗaukar keke biyu kan iya kai kilo 20 ko fiye. Ɗauki misalin mai Golf da farantinsa ya ce kilo 75. Idan kariyarsa kilo 20 ce, saura kilo 55, wanda ya ishi kekunan dutse biyu har da rara. Idan kuwa ya ce zai ɗora kekunan ƙarfe uku, ya kai kilo 80, ya wuce iyaka tun motar ba ta motsa ba.

Ina ba da shawarar kada a matse wa iyakar nan, a bar rarar kashi ɗaya cikin huɗu ko kusa da haka, kuma dalilin yana da ƙarfi. An ƙayyade adadin ne ga nauyin da ke zaune daidai bakin ƙarfen, shi kuwa keke yana can baya da rabin mita ko fiye. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san bambancin riƙe shi a jikin cinya da miƙe hannu da shi, ruwan bai ƙaru ba amma kafaɗa ta san an canja. Haka nauyin keke na ƙarshe yake murɗa ƙarfen ja da wurin da aka ɗaure shi a jikin mota. Idan kuma tayar baya ta faɗa rami, ko ta hau tudun rage gudu da sauri, nauyin yakan ninka na ɗan lokaci, kuma titunan unguwanninmu bayan damina ba su rasa ramuka. Saboda wannan dalilin ne ƙarin hannun da ake sa wa bututu don tsawaita shi, ko don mayar da inci 1¼ ya zama inci 2, yake rage ƙarfin ɗauka, masu ƙera su da yawa suna cewa a ɗauka ya ragu da rabi. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da gas, aka sa masa tukunya a but, ya tuna cewa gindin motar ya riga ya ɗauki wani nauyi na dindindin, balle idan ga fasinja uku a baya ga buhun hatsi.

Mataki na uku: idan motar ba ta da ƙarfen ja

Ƙarfen ja na gaskiya ana ƙera shi ne don mota takamaimai, da shekararta, kuma ana ɗaure shi da manyan notuna a ramukan da kamfanin motar ya riga ya tanada a jikin casis. Kamfanoni irin su Curt da Draw-Tite suna yin na tsarin Amurka, Westfalia da Brink suna yin na Turai. A Kano mutum zai iya fara cigiya a wajen masu kayan mota na Ƙofar Ruwa, musamman masu kwance motocin da suka yi hatsari, inda ake iya dacewa da wanda aka cire daga mota irin tasa. Idan ka samu, ka duba ko farantin bayaninsa yana nan, ka bi duk layin walda da ido ko akwai tsaga, ka kuma ƙi wanda ya lanƙwashe ko aka miƙar da shi da wuta, domin ƙarfen da ya taɓa shan duka daga baya ba ya komawa yadda yake.

Masu waldarmu suna da basira, kuma babu mai musun haka, amma wannan wuri ne da ban yarda a yi aikin ƙiyasi ba. Yawancin ƙananan motocin yanzu ba su da casis mai kauri daban, jikin motar ne gaba ɗaya aka haɗa da faifan ƙarfe marar kauri, kuma idan aka yi walda a inda bai dace ba, zafin yakan raunana wurin, ya ƙone maganin tsatsa, ga tankin mai da wayoyi a kusa. Wanda aka manna a jikin ƙarfen bamba ya fi kowanne hatsari, tunda an yi wannan ƙarfen ne don ya lotse idan an yi karo. Keke biyu da kariyarsu idan suka ɓalle a titin Zariya, motar da ke biye ce za ta same su.

Wajen ɗaurawa, ka tsaya a kan bakanike ya wanke ramukan notin da burushin waya da ɗan mai, domin motocin da suka fito daga yankunan ƙanƙara na Amurka sukan zo da tsatsa saboda gishirin da ake zuba wa tituna a can. A yi amfani da notunan da suka zo da ƙarfen ko masu daraja ɗaya da su, a kuma ɗaure su da sifana mai auna ƙarfin ɗauri daidai adadin da takardar ta faɗa. A wasu motoci sai an sauke salansa daga robobinta kafin ƙarfen ya shiga, kuma wannan ba matsala ba ce muddin an mayar da ita ba ta taɓa shi.

Mataki na huɗu: zaɓen kariyar

Iri biyu ne manya. Ta ratayawa tana da sanda a tsaye da hannuwa biyu, ana rataya keke ta sandar sama ta firem. Ba ta da nauyi, ta fi araha, takan ɗauki keke huɗu ko biyar, amma kekunan suna lilo suna gogar juna, kuma keken mata marar sandar sama da na yara ba sa zama daidai sai an ƙara musu wata sanda da ke haɗa wuyan kai da sandar sirdi. Ta ɗorawa kuwa tana da mazauni ga kowace taya, keken yana tsaye a kan ƙafafunsa, wani hannu ya danne tayar gaba ko ya riƙe firem. Ta fi tsada da nauyi, amma a kan hanya mai gargada ita ce ke hana kekuna cin juna, kuma ita ta fi dacewa da keke mai batir. Ga mai keke ɗaya ko biyu a Kano, ita nake ganin ta cancanci kuɗinta.

A cikin masu ɗorawar ma akwai abin dubawa. Hannun da ke danne taya ba ya jituwa da cikakken madigadi, don zai murƙushe shi, saboda haka mai keken ƙarfe na gargajiya ya nemi mai riƙe firem. Mai keken tsere da aka yi firem ɗinsa da zaren kabon kuwa akasin haka zai yi, domin matse irin wannan firem yana iya tsaga shi ta ciki ba tare da an gani ba. Ka auna faɗin tayarka da tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu, ka gwada da abin da kariyar ta ce tana karɓa. Ka fifita wadda hannunta ke ɗagawa sama bayan ya fito daga bututun, saboda gangaren da ake yi a ƙofar gidajenmu don tsallake kwata yakan yi tsayi, kuma kariyar da ta yi ƙasa za ta riƙa dukan siminti kullum. Wadda ke karkata baya don a buɗe but tana da amfani ƙwarai a tafiya mai nisa, wadda ke naɗewa sama idan babu keke kuma tana rage tsawon mota wajen fakin.

Sunayen da aka sani a wannan fanni sun haɗa da Thule na ƙasar Suwidin da Yakima da Saris da Kuat na Amurka. Idan ta hannu ka samu, ka tabbata maɗauran robarta ba su bushe sun tsattsage ba, makullanta suna nan, kuma sakatarta ta asali ce.

Mataki na biyar: ɗaura ta da ɗora kekuna

Ka share cikin bututun daga ƙura da tsatsa, ka shafa girisi kaɗan, ka zura hannun kariyar har hudojin su yi daidai, sannan ka sa sakata da kilif ɗinta. Bututun inci 2 yana amfani da sakata mai kaurin inci 5/8, na inci 1¼ kuma rabin inci, kuma kada a maye gurbinta da guntun rodi ko kowane noti da aka tsinta. Yawancin kariyoyi suna da noti ko maɓalli na hana kaɗawa, a ɗaure shi har sai ka girgiza kariyar ka ga motar ce ke motsi gaba ɗaya. A tsarin Turai dokar ta juya: ƙwallon dole ya kasance a bushe, ba girisi ba mai, domin damƙa ce kawai ke riƙe da kariyar, kuma ƙwallo mai santsi zai bar ta ta juya.

Kafin ka ɗaga keke, ka cire duk abin da iska ko girgiza za ta iya ɗauka, kamar gorar ruwa da fitila da kwando da famfo. Batirin keke mai lantarki a cire shi a sa cikin mota inda rana ba ta dukansa, wannan yana rage nauyi kuma yana kare batirin daga zafin bazara, lokacin da Kano kan haura digiri 40. Keke mafi nauyi shi ne na farko, a mazaunin da ya fi kusa da mota. Na biyu ya fuskanci ɗaya ɓangaren, kai a inda sirdin na farko yake, kuma idan kan wannan yana taɓa sirdin wancan sai a sauke sirdin ko a ɗan matsar da keken gefe. Hannun da ke danne taya a kafa shi kusa sosai da cokalin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, a danna da ƙarfi, sannan a ɗaure tayar baya da maɗaurinta a tsakanin sifoki, ba a kan bakin iska ba. Ka juya feda yadda ba za ta taɓa bamba ko keken kusa ba. A kan ta ratayawa, ka ƙara ɗaure tayoyin gaba da firem don kada su riƙa juyawa, ka sa tsumma a duk inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe.

Yanzu ka koma kan salansa. Idan bakinta yana hura hayaƙi kai tsaye a kan tayar keke ko robar kariya, tafiyar awa ɗaya ta isa ta narkar da su. A matsar da keken, ko a sa wa salansar ɗan baki mai karkata ƙasa.

Lamba da fitilu

Ka tsaya a bayan motar da ɗan nisa, wani ya taka birki ya kunna sigina, ka ga abin da direban da ke biye da kai zai gani. Rufe lambar mota laifi ne da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ke kamawa a kai, kuma a cikin gari ga 'yan KAROTA, amma abin da ya fi tara muhimmanci shi ne mai Adaidaita Sahu da ke manne da bayanka ya ga fitilar birkinka a kan lokaci. Kariyoyin tsarin Turai galibi suna zuwa da nasu fitilun da mazaunin lamba, ana jona su a soket mai ƙafa 7 ko 13. Na Amurka yawanci ba su da su, sai a sayi sandar fitila daban. A wayoyin tirela na Amurka masu ƙafa 4, birki da sigina waya ɗaya suke bi, a na Turai kuwa kowanne da tasa, don haka haɗa kayan ɓangarorin biyu yana buƙatar ɗan akwatin da ke daidaita su, kuma aikin mai wayarin ne da ya san motocin zamani, ba a yanke waya a murɗa kawai ba. Game da inda lambar za ta zauna idan kekuna sun kare ta, ka je ofishin hukumar kiyaye haɗurra ka ji ta bakinsu kafin tafiya, kada kuma ka sa a rubuta maka lambar hannu a allo.

A kan hanya

Motarka ta ƙara tsawo da kusan mita ɗaya, kuma keken babba, da yake tsawonsa yakan kai santimita 170 zuwa 180 ko fiye, yana iya leƙowa gefen ƙaramar mota kamar Corolla. A cunkoson Sabon Gari ko Kantin Kwari, inda ake wucewa da tazarar yatsa, wannan leƙowar ita ce abin tsaro, ka riƙa ganin tayoyin a madubin gefe. Na'urar da ke ƙara idan ana ribas za ta yi ta kuka saboda tana ganin kariyar, kyamarar baya kuma ta toshe, don haka a wuri mai matsi ka nemi wani ya duba maka. Tudun rage gudu da gangaren ƙofar gida a hau su a hankali kuma a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. A babbar hanyar ekspires dokar ƙasa ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa, kuma da kekuna a baya gara a zauna ƙasa da haka.

Bayan kilomita goma ko sha biyar na farko ka tsaya ka taɓa kowane maɗauri, ka girgiza kowane keke, sannan ka maimaita duk lokacin da ka tsaya shan mai ko salla. Ka matsa tayar gaban keken da yatsa, domin idan ta sace a hanya, hannun da ke danne ta ya saki ke nan. Kada ka lulluɓe kekuna da tamfol don gudun ƙurar hunturu, iska za ta cika shi ta riƙa fizgar kariyar, ga shi zai rufe fitilu. Ya fi sauƙi a goge sarƙa a sa mata mai idan an isa. Makullin da ke zuwa da kariya yana jinkirta ɓarawo ne kawai, saboda haka ka ƙara sarƙa mai kauri da kwaɗo ta ratsa firem ɗin duka kekunan zuwa zoben ƙarfen ja, ka sa sakata mai makulli don kada a zare kariyar ɗungurungum, kuma kada kekuna su kwana a kanta a waje.

Kulawa

Idan ba za ka yi amfani da ita ba na wasu makonni, ka cire ta ka ajiye a inuwa. Ranar Kano tana cinye roba da filastik da sauri, kuma hannun da aka bari cikin bututu tsawon damina yakan yi tsatsa ya manne har sai an sa guduma. Ka toshe bakin bututun da murfin roba. Bayan tafiya a hanyar ƙasa ka wanke gaɓoɓin da ke naɗewa da ruwa, ka bar su su bushe, sannan ka sa mai kaɗan, domin mai da yawa ƙura yake tarawa ya zama kamar yashi a cikin gaɓar. Maɗaurin da ya fara tsagewa a canja shi tun bai tsinke ba. Sau ɗaya a shekara, musamman bayan damina, ka sa a ɗaga motar a sake gwada notunan ƙarfen ja da sifana mai awo, a kuma duba faifan da ke kewaye da su ko ya fara tsagewa ko kumbura da tsatsa, idan an ga haka a sauke ƙarfen a gyara wurin kafin a sake ɗora masa keke.